Ni Da Lamba 7 Cikin 50

A watan Fabrairun 2018 aka yi gwanjon wani zane a Landan, aka sayar da shi fam miliyan 1 da dubu 200 da 'yan kai. Sunan zanen Tutu, aikin Ben Enwonwu ne na shekarar 1974, hoton wata 'yar sarautar Ile-Ife da ta ɗan karkata wuya tana kallon gefe. An shafe shekaru ba a san inda yake ba, sai ga shi rataye a bangon wani ɗan gida a arewacin Landan, wurin mutanen da ba su san darajar abin da suke zaune da shi ba. Masu gwanjon, wato kamfanin Bonhams, sun yi tsammanin ba zai wuce fam dubu 300 ba. Da na buga lissafi a waya da canjin wancan lokaci, na ga kuɗin ya haura naira miliyan 500, sai na ajiye kofin shayi, na tashi na zaga gidana ɗaki-ɗaki ina duban bango, ko Allah Ya sa ni ma ina zaune da arziki ban sani ba. Abin da na samu shi ne kalandar kamfanin taki ta bara, da agogon da aka raba a bikin ƙanwar uwargida, da shatin hannun autanmu da manja.

Mai hankali a nan zai koma ya ƙarasa shayinsa. Ni kuwa a nan na yanke shawarar zama mai tara zane-zane.

Albashin ma'aikacin gwamnati dai ba ya sayen zanen da aka yi da buroshi a kan kyalle, irin wanda guda ɗaya ne tak a duniya. Sai na gano ashe an bar wa talaka ƙofa, ita ce ƙidayayyen bugu. Mai zane yakan sassaƙa hotonsa a jikin katako, ko ya karce shi a farantin tagulla ya sa asid ya ci layukan, ko ya zana shi da maiƙo a kan dutse mai laushin fuska, ko ya bi ta rariyar kyalle irin ta masu buga riguna. Daga nan a shafa tawada, a ɗora takarda, a danne, a ɗago, guda bayan guda. Idan ya ce 50 zai buga, to 50 ɗin ne. Kowace takarda ya rubuta mata lamba da fensir a ƙasa ta hagu, misali 12/50, sunan aikin a tsakiya, sa hannunsa a dama. Idan an gama, masu amana sukan karce farantin ko su huda shi don kada wani ya sake bugawa. Akwai kuma 'yan kaɗan da mai zanen ke ware wa kansa, yawanci kamar ɗaya cikin goma na adadin, waɗanda ake rubuta wa A/P, ko E.A. a wurin masu Faransanci.

Wannan ɗan ilimin da na tsinta a intanet cikin dare ya hau mini kai. A majalisarmu ta bayan magariba, ko zancen tsadar shinkafa ake yi sai na san yadda na karkato da shi zuwa farantin tagulla. Abokai suka naɗa ni Sarkin Zane, ni kuma na ɗauka yabo ne.

A gida aka samu cikas iri biyu. Hajiyarmu, da ta ji labari, ta aiko a kira ni. Ta ce, "Kai, na ji an ce gumaka za ka fara tarawa. To, ban da hoton mai rai a bangon gidan da nake zuwa ina salla." Na ce, "Hajiya, ba gumaka ba ne, jari ne." Ta ce jarin ma ban da mai ido. Ka ga ke nan ko da Tutu ɗin aka ba ni kyauta, sai dai in kife ta a ƙarƙashin gado. Uwargida kuwa ba ta damu da ido ba, damuwarta ita ce kuɗin adashen da na kwasa, wanda muka yi alkawarin firji za a saya da shi. Na zaunar da ita na yi mata bayani cikin natsuwa, cewa firji daga ranar da aka jona shi darajarsa ke raguwa, zane kuwa kullum hawa yake. Ta ce, "To Malam, Allah Ya sa ya riƙa sanyaya ruwa."

Aiki ya kai ni Legas. Legas tana da wuraren kirki na wannan harka, manyan gidajen baje zane da ke da suna da adireshi, da kamfanin Arthouse Contemporary da ya fara gwanjo tun 2008, da bikin baje koli na Art X da ake yi tun 2016. Na leƙa wani gidan baje zane, na ga farashin da aka manna a gefen wani ɗan ƙaramin bugu, na yi kamar waya aka kira ni, na fito da baya-baya. A wata kasuwar kayan tsaraba na gamu da mutumina. Yana ganin hulata ya taso da 'yar Hausarsa ta kasuwa: "Alhaji, sannu da zuwa, akwai kaya na manya." Ban taɓa zuwa Makka ba, amma ban gyara masa ba.

Ya ja ni can ƙuryar shago, ya waiga hagu da dama, ya zaro wata takarda daga bayan kabad. Hoton kwale-kwale ne guda uku a bakin ruwa, rana tana faɗuwa, babu mutum, babu ko tsuntsu, wato Hajiya ba ta da ta cewa. A ƙasa an rubuta 7/50. Sa hannun kuwa da ruwan zinariya ne, ya lanƙwasa ya murɗe har ba a iya karanta harafi ɗaya. Na tambayi sunan mai zanen, ya faɗi wani suna da sauri, ya ƙara da cewa ai bawan Allahn ya rasu, kuma kowa ya san idan mai zane ya mutu farashi tashi yake. Allah Ya gafarta mini, na ji daɗin rasuwar. Sannan ya ɗauko takardar shaida mai jan hatimi da ɗan kirtani, ya ce ƙaramar lamba irin 7 ta fi 40 tsada nesa ba kusa ba, don ita ce ta fito tun faranti yana sabo.

Ya ce naira dubu 300. Ni kuwa ɗan Kano ne, a Kwari da Kurmi na koyi ciniki. Na taya dubu 100, na juya kamar zan tafi, ya riƙo rigata, ya rantse da kabarin kakarsa, muka daidaita a dubu 180. Na fito ina jin tausayinsa, ina cewa a raina yau Bayarabe ya gamu da gamonsa. Ko ragon layya zan saya, sai na buɗe bakinsa na ƙirga haƙora, na taɓa ƙugu, na sa an zaga da shi na ga tafiyarsa. Wannan takarda kuwa ko juya bayanta ban yi ba.

Na sa aka yi mata firam mai ruwan gwal, na rataye ta a falo daidai inda baƙo zai fara gani. Duk wanda ya shigo, kafin a kawo masa ruwa sai ya sha bayani. Har mai karanta mitar wuta bai tsira ba. Na hana yara buga ƙwallo a tsakar gida saboda girgiza. Da dare idan na kasa barci nakan fito da tocila in haska lambar, in yi lissafin abin da za ta kai idan autanmu ya isa shiga jami'a.

Asirin ya tonu ne a Kaduna, a wani ƙaramin otal da muka sauka don taron bita. Ina tsaye ina jiran makulli, na ɗaga kai, sai ga kwale-kwalena guda uku a bayan mai karɓar baƙi. Gabana ya faɗi, amma na lallashi kaina: ai 50 aka buga, dole sauran 49 suna wani wuri, kuma abin alfahari ne a ce mai otal ma ya san abu mai kyau. Na matsa don in ga lambarsa, ina fatan ta fi tawa girma in yi masa dariya a zuci. An rubuta 7/50. Na cire tabarau na goge, na mayar, tana nan 7/50. Na tambayi yaron inda suka samo shi. Ya ce, "Yallaɓai, ai kowane ɗaki akwai. Da labule aka kawo su." Na hau sama na buɗe ɗakina, ga shi a saman gado, 7/50. A ƙarƙashinsa na kwana, idan za a kira wannan kwana.

Ina da aboki tun na makarantar sakandare da ke koyar da zane a jami'a a Samaru, Zariya. Da ma tun farko shi ya kamata in nema, amma na ƙi, don kada ya raina mini sani. Na cire hoton daga bango na ce wa uwargida za a kai shi a ƙiyasta darajarsa, wanda ba ƙarya ba ne. Da na kai masa, ya zare shi daga firam, ya shafa takardar da yatsa, ya dube ni, ya ɗauko ɗan madubin ƙara girma daga aljihun tebur ya miƙo mini. Ya ce, "Mutumina, duba sararin samaniyar nan ka gaya mini abin da ka gani." Na duba. Ɗige-ɗige ne ƙanana a jere reras, shuɗi da ja da rawaya da baƙi, tawada huɗun da injin buga kalanda ke aiki da su. Ya ce in duba sa hannun. Shi ma ɗige-ɗige. Lambar 7/50 ma ɗige-ɗige, wato tare aka buga ta da kwale-kwalen, shi ya sa duk duniya 7 ce. Na miƙa masa takardar shaida a matsayin hujjata ta ƙarshe. Ya ce wannan ta fi zanen kyau, kuma da alama inji ɗaya ne ya haife su.

Sai da ya gama dariya, har da share hawaye, sannan ya koya mini abin da ya kamata in sani kafin in taɓa kuɗin firji. Bugun farantin ƙarfe yakan bar shatin gefen farantin a jikin takarda saboda ƙarfin dannawa, ana ji da yatsa, kuma tawadar takan ɗan taso. Takardar kirki ta auduga ce, mai kauri, ba mai sheƙi ba. Da fensir ake sa hannu, domin idan ka karkata takardar wajen haske za ka ga ƙyallin fensirin da ɗan ramin da ya yi, abin da injin bugu ba ya iya kwaikwaya. Zancen ƙaramar lamba ta fi tsada kuwa, ya ce mafi yawa tatsuniyar 'yan kasuwa ce, don sau da yawa sai an gama bugu duka, sun bushe, sannan mai zane ya zauna ya bi su da lamba yadda suka zo hannunsa. Takardar shaida kuma darajarta darajar wanda ya ba da ita ce: idan ba a san shi ba, ba shi da adireshi, ba za a iya komawa a riƙe rigarsa ba, to takarda ce kawai. Manyan masu zane akan tattara bayanin duk abin da suka buga a littafi guda, da girman kowane aiki da adadinsa da irin takardarsa, mai saye ya gwada abin da aka miƙo masa da abin da ke rubuce. Akwai kuma bugun zamani na injin feshin tawada, wanda ba laifi ba ne idan mai zanen ne ya amince ya sa hannu, aka kuma gaya maka gaskiyar abin da kake saye, aka yi maka farashinsa.

Don ya sanyaya mini rai ya ba ni labarin Salvador Dali, mai zanen nan na Sifaniya da ya rasu a 1989, wanda ya sa hannu a kan dubban fararen takardu tun ba a buga komai a kansu ba, abin da ya sa kasuwar bugunsa ta cika da jabu, attajiran Turai da Amurka suka yi ta zuba kuɗi a rami. Wannan ya ɗan taimaka. Aƙalla su sa hannun nasu na gaske ne, amma dai muna jirgi ɗaya. Ya kuma ce lambar da na ɗauka ita ce komai, sabon abu ce a tarihin bugu, sai wajen ƙarshen ƙarni na 19 ta zama al'ada. Hoton igiyar ruwan nan na Hokusai, mutumin Japan, da aka buga da katako wajen 1831, dubbai aka buga, ba lamba ko ɗaya, ana sayarwa da araha a kasuwa. Daga baya na ga labarin an sayar da guda ɗaya a gwanjon Christie's a 2023 kan dala miliyan 2 da dubu 700 da ɗoriya.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne da ya zaga da ni ɗakin bugu na sashensu. Na tsallake Zariya na tafi Legas neman abin da Zariya ce gidansa. A nan ne a 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiyar da ta sauya alƙiblar zanen Najeriya, tun makarantar ba ta zama Jami'ar Ahmadu Bello ba. Onobrakpeya, wanda aka haifa a 1932, shi ne babban sunan bugu a ƙasar nan. A 1967 asid ya ɓata masa faranti, ya cike ramukan da gam mai ƙarfi, ya buga haka nan, sai abin ya fito da wani irin tudu da kwari mai ban sha'awa, daga nan ya samo salon da aka san shi da shi. Na ce wa abokina ashe ɓarna ma tana da sa'a, tasa ta haifi salo, tawa ta cinye firji.

A ɗakin na tarar da wani ɗalibi ɗan ajin ƙarshe yana ɗago takarda daga kan abin da ya sassaƙa. Hoton rumbuna ne da bishiyar kuka, baƙi da fari kawai. Na tsaya ina kallo har na manta da lissafi, karo na farko ke nan tun da na shiga wannan harka da na kalli zane ba lambarsa ba. Guda 20 ya buga. A gabana ya ɗauki fensir ya rubuta 4/20, ya sa hannu, ya karɓi naira dubu 8 yana ta godiya kamar na ba shi kujerar Makka.

Da labarin ya tsaya a nan, da na fita da ɗan mutuncina. Amma na dawo Kano da abu na gaske a hannu, sai tsoro ya kama ni: ƙurar hunturu, da danshin damina, da gara, da autanmu da manjansa. Na tuna yadda muke kare duk takarda mai muhimmanci a ƙasar nan, daga takardar haihuwa zuwa ta kammala makaranta. Na nufi shagon masu kwamfuta na ce a yi mini laminatin. Yarinyar ta gwada, ta ce, "Baba, ya fi ledar girma, sai an rage gefe." Na ce ai farin gefen ba zane ba ne, a rage. Ta sa abin yanka ta zubar da gefe huɗu, da 4/20, da sunan aikin, da sa hannun, duk suka faɗa kwandon shara. Ta tura sauran cikin inji mai zafi, ya fito yana sheƙi kamar katin shaida. Na biya naira 300, har na bar mata canji.

Na ɗauki hotonsa na tura wa abokina ina jiran yabo. Bai rubuto ba, kira ya yi. Ya yi salati tukuna, sannan ya ce leda da zafi sun manne da takardar har abada, ba mai iya raba su, kuma bugun da aka yanke wa gefe ya tashi daga kayan masu tarawa ya koma abin ado. Ya ce ba a sa wa bugu gam, ba a sa masa selotef, ba a yanke shi don ya shiga firam, firam ake yi wa girmansa. A sa kwali marar asid tsakaninsa da gilashi don kada su haɗu, a rataye shi inda rana ba ta dukansa, nesa da hayaƙin kicin da bangon da ke tsattsafo da damina. Garin neman gira na rasa ido. Ya miƙa wa ɗalibin wayar, don yana kusa. Yaron nan mai ladabi ya yi shiru, sannan ya ce, "Ba komai, Baba. Ai taimakona kuka yi. Yanzu saura 19, kun ƙara wa sauran daraja."

Na koma na sayi 11/20 a wurinsa, wannan karon dubu 12, don ya ce kaya sun yi ƙaranci. Yana nan a bangon ɗakin karatuna, da gefensa cikakke, mai firam ya yi aikinsa ina tsaye a kansa kamar mai gadi. Ban san ko zai taɓa yin tsada ba, mafi yawan bugu ba sa yi, kuma wanda duk ya ce maka jari ne tabbatacce, riƙe aljihunka. Na ledar kuwa uwargida ta ce ba za a yi asara biyu ba, a kansa take ɗora tukunyar shayi, ta ce ruwa ba ya shiga. An sayi firji daga baya, da kuɗin adashenta, kuma ba a yarda in manna komai a jikinsa ba. A majalisa har yau Sarkin Zane nake, sai dai yanzu idan na iso akan tambaye ni ko ɗakin otal nawa na mallaka.

Kwale-kwalen suna nan a sito, da firam ɗinsu na gwal da takardar shaida mai jan hatimi. Idan a cikin masu karatu akwai mai otal da ɗaki ɗaya ya rage masa ba hoto, ya neme ni, ba za mu yi faɗa a kan farashi ba.